Yadda Na Goya Kwamfutar Marigayi Har Katsina

Ku matso nan kusa in gaya muku gaba ɗaya, don bakina ya gaji da maimaitawa. Tun da na dawo daga tafiyar nan, duk wadda ta shigo gidanmu, ko aron rariya ta zo, sai ta nemi wuri ta zauna ta ce in ba ta labarin yadda na goya ƙarfe har birnin Katsina. Ban ga laifinsu ba. Duk unguwarmu an san ni da zaman gida. Tun da rashin kwanciyar hankali ya taso mu daga Babban Duhu muka dawo cikin Safana, iyakar tafiyata gidan suna da gidan gaisuwa. Ni ce ake yi wa tsiya ana cewa tukunyar tuwona ta fi ni yawo, don ita ana zuwa aronta.

Abin da ya fitar da ni ɗiyata ce ta fari. Kun san ba zan kama sunanta ba, ko a baki ko a takarda. A hannun mahaifiyata ta tashi, shi ya sa har yau Yaya take ce mini, ni kuma in zan kira ta sai in ce "ke". Mijinta, Malam, malamin makaranta ne da aiki ya kawo shi Safana. Da rayuwa ta yi tsada, albashi ya daina kai su ko tsakiyar wata, sai ya sayi kwamfuta ta hannu, wadda wani ya taɓa amfani da ita, ya sa sola a kan rufin ɗakinsa, ya riƙa haɗa wa mutane hotunan biki da bidiyon walimar sauka, yana buga takardun makaranta. Ya koya wa matarsa aikin har hannunta ya fi nasa sauri, shi da kansa yake faɗa. Ana cikin haka ciwo na 'yan kwanaki ya ɗauke shi, ya bar ta da yara uku. Gonarmu tana can Babban Duhu, ba mai iya zuwa ya noma ta. Ke nan abin da marayun nan za su sa a baki, daga cikin akwatin ƙarfen nan zai fito.

Ba irin wadda ake naɗewa a sa a jaka ba ce. Akwati ce tsayayya, gefe ɗaya gilashi, kana hango kayan cikinta. Akwai wasu jijiyoyi baƙaƙe guda biyu masu kaurin ɗan yatsa da suka taso daga tsakiya suka haura sama. Malam yana ji da su ƙwarai, yakan ce ruwa ne ke yawo a ciki yana sanyaya mata ƙwaƙwalwa. In an kunna ta akwai ɗan sautin da take yi ƙasa-ƙasa, kamar ana tsiyaya ruwa daga buta a bayan ɗaki. Ni ban yi karatun kirki ba, amma Allah ya ba ni kunne. Bayan rasuwarsa ni na fara cewa sautin nan ya sake, ya koma kamar ƙwaro a cikin gwangwani, daga baya ya ɗauke ɗif. Da bazara ta kankama sai ta fara mutuwa da kanta. A kunna ta da safe, kafin hantsi ya ɗaga ta ɗauke. Ga aikin mutane an karɓa, ga mai aikin tana takaba ba ta fita.

Ta ce a kai wa Sale, abokin Malam mai gyaran waya a Batsari, don shi kaɗai ya taɓa buɗe ta ban da maigidanta. To wa zai kai? Maigidana gwiwa ta zaunar da shi, yarana maza duk suna kudu neman abinci. Na duba hagu na duba dama, ban ga kowa ba sai ni. Aka sayar da tunkiyata aka ƙulle mini kuɗin a bakin zane.

Da safen da zan tafi, tana zaune a kan tabarma kanta a ƙasa, ta ce, "Yaya, don Allah kar a cire komai da ya sa da hannunsa. A gyara ta kawai."

Na ce to. Ku riƙe wannan "to" ɗin, don ita na ɗauka ta fi kwamfutar nauyi.

Matsalar farko yadda za a ɗauke ta. In aka sa ta a bayan mota tare da buhuna, gilashin ba zai kai ko bakin gari ba. Ni kuwa hanya ɗaya na sani ta ɗaukar abin da ake tsoron ya faɗi. Na naɗe ta da bargon Malam, na ɗora ta a baya, na ja zane na ƙara da majanyi, na zura hijabi a kai. Nauyinta kamar na yaron da aka yaye ya ƙi sauka. Haka na ratsa gari har tasha, mata suna leƙe ta katanga.

Motar da na samu tsohuwa ce, direban sunansa Ɗanlami, ɗan garinmu. Saboda tsadar mai, sai da ya cusa mu kamar goro a huhu kafin ya tashi. Da na shiga sai na juyo da goyon gaba na rungume a cinya, hijabina a rufe. Wata baiwar Allah 'yar Tsaskiya da ke gefena ta gaishe ni, ta tambayi mai jiki, ta ce me ke damunsa. Na rasa ta inda zan fara, na ce zafin jiki ne, da rana ta yi sai ya ɗauke. Ai kuwa ta shiga ba ni magunguna: a dafa ganyen darbejiya a yi masa wanka, a daina sa masa kaya masu nauyi, a nemi rubutu. Tun ina amsawa da "to, to" har kunya ta kama ni, na ga na yi nisan da ba zan iya komawa ba. Ta kai hannu ta shafa bargon ta ce Allah sarki, ƙashi duk ya fito.

Asirina a shingen masu tsaron hanya ya tonu. Aka ce kowa ya sauko. Wani dogo mai bindiga a kafaɗa ya dube ni ya ce, "Haba Inna, buɗe wa yaron nan fuska ya sha iska mana, a wannan zafin?" Na buɗe. Ya ga gilashi, ya ga wayoyi da baƙaƙen jijiyoyi, sai ya ja da baya, hannunsa ya koma kan bindiga. Allah ya taimake ni da Ɗanlami. Ya ce ai kwamfutar marigayi Malam ce, ita ta haɗa hotunan bikinsa, har ya ciro waya ya nuna. Da dogon nan ya ji ta marayu ce, ya yi wa Malam addu'a, kuma shi da kansa ya riƙe mini ita na gyara bargon. 'Yar Tsaskiya kuwa ta yi fushi da ni na ɗan lokaci, daga baya dariya ta ci ƙarfinta, ta ce duk da haka a gwada darbejiyar.

Ba mu yi nisa ba motar ta fara tururi ta gaba, Ɗanlami ya gangara gefe. Wurin ba inda ake son tsayawa ba ne. Ba gida, ba gona mai shuka, kowa yana satar kallon daji. Ya ce lagireto ne ya ƙone ruwansa, sai an jira ya huce kafin a buɗe, kuma jarkarsa ba komai. Nan kowa ya fito da abin da yake da shi, mai ruwan leda ya miƙa, ni ma na ba da gorata. Muna cikin haka wani ɗan acaba ya tsaya da buhun gawayi a baya, ya fara yi wa Ɗanlami tsiya, wai shi mashin ɗinsa bai taɓa roƙon kowa ruwa ba, iskar Allah ta ishe shi. Ɗanlami ya ce ya ɗora mutanen motar nan duka a kan mashin ɗin ya hau tudu, sannan ya zo su yi magana. Suka yi ta yi, ɗan acaba na cewa mota 'yar gata ce sai da shayarwa, direba na cewa mashin jakin talaka ne. Abin da na lura, duk tsiyar nan mutumin bai tafi ba. Ya tsaya ne don kar ya bar mu mu kaɗai a wurin, sai da motar ta tashi ya bi bayanmu har muka ga gidaje.

A Batsari na sami rumfar Sale ba wuya. Yana ganin bargon ya gane shi, ya juya baya yana goge ido da hula. Bayan mun gaisa ya buɗe kwamfutar, ya kunna ta da batirinsa, ya ɗora yatsa a kan inda jijiyoyin suka taso. Ya ce akwai ɗan famfo a nan da ke tura ruwan, ya kamata a ji yana motsi, to ba ya yi. Wani dattijo da ya zo cajin waya, daga ƙauyukan yamma bisa ga bakinsa, ya leƙo ya ce wanga abu ƙishirwa ta kama shi, a ba shi ruwan randa mana ya sha. Sale ya ce ba ta da bakin da za a zuba, a rufe aka ƙero ta, kuma ba irin ruwanmu ba ne a ciki. Ya ce shi dai wannan ta fi ƙarfinsa, ba zai yi karambani da abincin 'ya'yan amininsa ba, sai dai in wuce Katsina wurin wani Alhaji Latifu, inda Malam ya saye ta.

Katsina! Ni da na yi sallama da gida a kan zan dawo kafin la'asar.

Lokacin rana ta riga ta karkata, kuma a shekarun nan ba mai hankalin da zai hau hanya da yamma. Sale ya kai ni wurin mahaifiyarsa. Gidan cike yake da matan da suka baro ƙauyukansu, kowane ɗaki da iyali, har rumfar girki an kewaye ta da buhu ana kwana. Duk da haka suka matsa suka ba ni wuri, kwamfutar kuma suka ɗora ta a kan gadon tsohuwar, ita ta sauko tabarma, wai kayan marayu ba ya kwana a ƙasa. Aka kawo kwaɗon rogo da ƙuli-ƙuli. Na sha jin ana yabon rogon Batsari, ashe ba a faɗi rabi ba, gari ne da shi kamar an dafa gwaiduwar ƙwai. Abin da ya bambanta su da mu, su in sun gama gaisuwa sai sun tambaye ka ta wace hanya ka biyo, kuma me ka gani. Ba gulma ba ce, da haka suke sanin inda za a bi gobe.

Washegari Sale ya sa ni a mota, ya rubuta wa direba kwatance. Hanyar nan ba abin da ya faru sai shingaye, kuma na koyi darasi, tun daga nesa nake buɗe bargon.

Birni kuwa, abin da ya fara dukana ƙara ce. Mai kunne irin nawa wahala yake sha a can, ko'ina inji, ko'ina hon. Na sauka gidan Hajiya Binta, ƙanwar maigidana, wadda mijinta ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Da rana tsaka ƙofarsu a kulle, sai ka buga an leƙo ta 'yar kafa an ga ko wane ne. Na tambaye ta sunan maƙwabciyarta ta ce ba ta sani ba, shekara da shekaru katanga ɗaya. Ruwa saye suke yi wurin 'yan ga-ruwa. Gaisuwarsu kuma gajera ce kamar wutsiyar akuya. Ina cikin tambayar 'yarta ya gajiya, ya zafi, ban kai ga iyayen gida ba, na ɗaga kai na ga har ta shige ɗaki. Tsakar ɗakinsu an shimfiɗa wani abu mai santsi, na taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala na tafi suuu, Allah ya sa na riga na sauke goyon. Amma fa Hajiya Binta ta karɓe ni hannu biyu, ta ajiye abin da take yi ta raka ni a keke mai ƙafa uku har shagon.

Alhaji Latifu Bayarabe ne, amma a Katsina aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Da ya ji ni surukar Malam ce sai ya rusuna har hannunsa ya taɓa ƙasa, irin gaisuwarsu, da furfurarsa da komai. Bai san da rasuwar ba. Ya ce Malam mutumin kirki ne, in ya zo sai ya yi ta tambaya kamar ɗan makaranta.

Ya kwance abin da ke tsakiya ya nuna mini ƙwaƙwalwar. Na zaci wani babban abu zan gani, ashe ɗan ƙarfe ne shafaffe, bai kai tafin hannun jariri ba. Ya ce duk lissafin da kwamfuta ke yi a nan take yinsa, kuma in tana aiki mai nauyi irin haɗa bidiyo, zafi yake yi kamar tandar masa. In zafin ya yi yawa sai ta kashe kanta don kar ta ƙone. Ya ce hanya biyu ake bi a raba ta da zafin. Ta farko irin ta Malam: famfo ya turo ruwa ya bi ta kanta, ya kwashe zafin ya kai shi wani ɗan lagireto a sama, fanka ta hura. Ta biyu ba ruwa: ya ɗauko wani abu kamar an jera faranta siraran ƙarfe a kan juna, da sandunan jan ƙarfe sun ratsa su, da fanka a gefe. Shi ana ɗora shi kai tsaye, ƙarfen ya ja zafin, fanka ta kore shi. Na ce ashe rigimar direba da ɗan acaba ce. Da na ba shi labarin ya yi dariya har da tafawa, ya ce ita ce, kuma kowannensu da gaskiyarsa. Mai ruwa ta fi jure aiki mai tsanani, ta fi shiru. Amma tana da famfon da ke mutuwa, ruwanta yana raguwa a hankali, kuma ranar da ta yi yoyo a kan kayan ciki, shi ke nan. Mai iska ta fi ƙara, amma ba abin da zai lalace a jikinta sai fanka, ita kuwa ko Sale zai iya sakewa.

Sannan ya juyo da ɗaya daga cikin jijiyoyin ya nuna mini. A gindinta akwai wani fari-fari da ya bushe kamar kanwa, kuma an naɗe wurin tam da 'yar robar tayar keke, irin wadda ake ɗaure kaya da ita. Ya ce ta daɗe da fara tsattsafowa, Malam ya gani, ya yi mata irin dabarar da ya sani. Na kalli ƙullin nan. An yi shi a tsanake, an soke bakin robar a ciki don kar ta warware. Haka yake ɗaure komai, har buhun hatsi in ya kawo mana.

Na gaya wa Alhaji amanar da aka ba ni. Ya ce zai iya buɗe famfon ya lallaɓa shi, ya ƙara ruwa, ya liƙe, in mayar da ita yadda take. Wataƙila ta yi wata, wataƙila ta kai damina, wataƙila kuma ran da na isa gida ta zubar da ruwan ta kashe kwamfutar gaba ɗaya. Sabuwa mai ruwa sai an aiko daga nesa, kuɗinta ko tunkiyata tagwaye ta haifa ba za su kai ba, kuma ita ma sai an cire ta Malam. Mai iska tana nan a hannu, ta ishi aikin da ake yi, in dai za a riƙa kaɗe mata ƙura, a ɗaga ta daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango. Na ce in marayunsa ne, wacce zai sa?

Ya ce, "Mama, ni mai gyara ne, na gaya miki abin da ƙarfe zai yi. Wadda aka yi wa magana ke ce."

Ya ce in je in yi tunani zuwa gobe.

Da muka koma gida Hajiya Binta ta ce abin ai mai sauƙi ne, ga waya, a kira ta a tambaye ta. Ta latsa lambar ta miƙo mini, saura in danna. Na zauna a bakin baranda bayan la'asar da wayar nan a hannu har fuskar wayar ta yi duhu. Na san ɗiyata. In na kira ta, ɗayan biyu ne. Ko ta ce a bari, in ta lalace ta zauna tana ganin ita ta kashe abincin 'ya'yanta. Ko ta daure ta ce a cire, ta zama da bakinta ta ce a fitar da hannun mijinta daga ɗakin, tana cikin takabarsa. Ban ga wanda zan ɗora mata a ciki ba. Ni ban taɓa rungumarta a gaban mutane ba, ban taɓa yabonta ba, ranar da aka kawo gawar Malam ma wasu ne suka riƙe ta, ni ina bakin murhu. Haka aka tarbiyyantar da mu da 'ya'yan fari. To na ga wannan dai zan iya yi mata: laifin ya zama nawa. In za ta yi fushi, ta sami wadda za ta yi fushi da ita. Na mayar wa Hajiya Binta wayarta. Tuwon shinkafar da aka kawo mini da miyar taushe, mai kyau, ban iya cin rabi ba.

Da safe na ce wa Alhaji a sa mai iska. Na roƙe shi ya yi bisimilla kafin ya taɓa, ya ce ai da ma ba ya fara aiki sai da ita. Ina zaune a kan benci ya kwance ta Malam a hankali, ya goge ƙwaƙwalwar, ya ɗiga mata wani man shafawa mai launin toka, ya ɗora sabuwar ya ɗaure. Ya ce in bar masa tsohuwar ya rage mini wani abu, zai ciri fankokinta. Na ce a'a. Ba a raba gado ba, ko ƙusa ce ta fito daga jikinta sai ta koma gidan. Ya ce na fi shi gaskiya, ya samo kwali ya sa mini ita, bai taɓa ƙullin robar ba.

Ya kunna ta ya ba ta aiki mai nauyi, ya bar ta tana yi har aka yi azahar aka dawo. Yana nuna mini wasu lambobi a fuskar allon da ya jona mata yana cewa kin gani, ba ta wuce nan ba. Ni lamba ba ta gaya mini komai, kunne na kasa. Sautinta kamar iska ce ke ratsa karan dawa, tsayayye, ba ya rawa. Lafiyayyen sauti ne. Amma ba wancan ba ne, kuma na san ba ni kaɗai zan gane ba.

Washegari da sassafe aka sa ni a mota, dawowa ta Dutsin-Ma, goyo a baya, kwali a gaba. Ba abin da ya same mu a hanya sai zuciyata da ta riƙa gudu tana gaba da motar.

Na shiga gidan Malam jikokina suka rufe ni. Ita tana inda na bar ta. Ta kawo ruwa, na ce ba zan sha ba sai na yi magana. Na sauke goyon, na ajiye kwalin a gabanta, na faɗa mata komai yadda ya faru, ban rage ba, ban ce Alhaji ne ya tilasta ni ba. Ta buɗe kwalin. Ta daɗe tana kallon ƙullin robar nan, ta sa yatsa ta shafa shi. Sannan ta ɗauki kwalin ta shige ɗaki ta saki labule. Ban bi ta ba. Na zauna a gindin turmi da ƙurar hanya a jikina, yaran suna ta tambayata tsaraba, ni kuwa ko alewa ban tuna na sayo ba.

Sai washegari da hantsi ta ɗauki kwamfutar ta kai ɗakin Malam. Na ji ta ja tebur, na ji ta kunna. Rana ta take, garin ya yi zafin da ko kaji sun buɗe baki, tana ciki tana aiki. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, ba ta ɗauke ba. Can ta fito da ruwan zafi a roba da tsumma, ta durƙusa a bayana, ta sassauta mini riga. Ashe majanyin ya yanke ni a ƙirji da kafaɗa har ya yi sawu, ni ban ma kula ba. Ta riƙa gasa mini a hankali.

Tana bayana, ban ga fuskarta ba, ta ce, "Yaya, da kin kira ni, da cewa zan yi a bari."

Na ce, "Na sani."

Ta matse tsumman ta sake ɗorawa. Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba, har yau. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce na yi laifi ba. Aikin mutane ya fita, wasu sun kawo sabo, ana ɗora tukunya a gidan. Kwalin yana ƙasan akwatinta tare da rigunansa.

Matan da ke zuwa jin labari sun rabu biyu. Wasu sun ce mai takaba ta roƙe ni abu ɗaya tak, na ce to, na je na saɓa, kuma da gangan na ƙi kiranta. Wasu sun ce uwa ba ta neman izini kafin ta janye ɗanta daga bakin rijiya. Ni kaina wata rana ina wannan ɓangaren, wata rana ina wancan. To ku da kuka ji shi daga farko har ƙarshe, ku gaya mini tsakani da Allah: amanar nan, cin ta na yi ko riƙe ta?